Tsohon keken tsere na gwanjo: gyara iri huɗu, wanne ya kamata ka yi wa naka?

Tunda aka cire tallafin mai a Najeriya a ƙarshen watan Mayun 2023 kekuna suka sake cika titi, ma'aikaci da ɗalibi da ɗan kasuwa kowa na neman abin da zai kai shi ya dawo da shi ba sai ya bi layin gidan mai ba. A cikin kekunan gwanjo da ake jibgewa, waɗanda muke ce wa 'yan Kwatano ko Beljiyom, akwai wani iri da mutane ke tsallakewa su nufi masu ƙatuwar taya, shi ya sa sau da yawa zaka same shi da araha: siririn keken tsere na ƙarfe, mai lanƙwasasshen kai kamar ƙahon rago, da 'yan sandunan canza giya guda biyu a jikin bututun ƙasa. Yawancinsu ƙirar shekarun 1970 da 1980 ne, irin su Peugeot, Raleigh, Motobécane, Gitane, Miyata, Bridgestone da Panasonic. Ni ina son kekunan nan sosai, kuma yana min ciwo in ga an sayi mai kyau an kashe shi da guduma a hannun wanda bai san shi ba, ko an zuba kuɗi a fenti alhali birkin baya kamawa.

In ka riga ka saya, ko kana gab da saye, hanya huɗu ce a gabanka. Ko dai ka wanke shi ka sa giris ka canza abin da ya mutu kawai, ko ka cire giyoyin ka mayar da shi giya ɗaya, ko ka sa masa wili da kayan zamani, ko kuma ka dawo da shi sak yadda ya fito daga kamfani.

Amma kafin duk wannan sai firam ɗin ya ci jarabawa, domin in ƙarfen ya lalace babu ɗaya daga cikin huɗun nan da zata yi maka amfani. Sa yatsa ka shafa ƙarƙashin bututun sama da na ƙasa, daidai bayan wuyan keken. In ka ji tudu ko tamoji, ko ka ga fenti ya tsattsage a zagaye, to keken ya taɓa yin karo da gaba, bar shi. Kalli fok daga gefe, in ya karkata baya wajen feda shi ma alamar karo ce. Kwance notin sandar sirdi ka murɗa sirdin ka gani ko tana motsi, haka sandar kai, domin alminiyam in ya daɗe a cikin bututun ƙarfe da danshi manne wa yake yi, kuma fitar da shi wani lokaci sai an yanka da zarto. Tsatsar sama ba komai ba ce, wadda ta huda ita ce matsala, juya keken ka duba ƙarƙashin gidan boris na tsakiya, inda aksul ɗin feda ke juyawa, da bututai biyun da suka tafi baya. Sannan ka ɗaura zare daga bakin aksul na baya, ka zagayo da shi ta wuya ka dawo ɗaya ɓangaren, ka auna ratar zaren da bututun sirdi hagu da dama, ya kamata su zo ɗaya. Kuma kar wani ya ce maka ai mai walda zai ɗinke tsagar. Bututun kekunan nan masu kyau kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, da tagulla aka haɗa su a cikin soket, waldar lantarki ta bakin titi ƙona shi take yi, garin neman gira a rasa ido.

Ga ma'aunan da zan bi da su.

Na farko kuɗi. Farashin kayan keke dala yake bi, na yau daban na wata mai zuwa daban, don haka abin da zaka saya zan lissafa maka, kai kuma ka shiga kasuwa ka tambaya. Ƙa'idata ita ce, kuɗin saye da na gyara in aka haɗa kar su wuce kuɗin keken gwanjo mai tafiya lafiya, sai dai in firam ɗin na musamman ne. Zaka gane na musamman da tambarin bututu a ƙasan sirdi, Reynolds 531 ko Columbus ko Tange ko Ishiwata ko Vitus, da nauyin da bai wuce kilo 10 zuwa 11 ba. In ka ga Carbolite 103 a jikin Peugeot ko 20-30 a jikin Raleigh, ƙarfen talakawa ne, yana da ƙarfi yana aiki amma yana kai kilo 13 ko 14, kuma bai cancanci kashe kuɗi mai yawa ba.

Na biyu ƙarko, kuma a kan hanyoyinmu nake nufi, yashi da ƙurar hunturu da ramuka da tsidau da ruwan damina.

Na uku sauƙi, wato ko akwai kayan a garinku, kuma ko mai gyaran unguwa zai iya. Anan ne yawancin mutane ke faɗawa rami, saboda haka bari in ɗan tsaya. Duba gefen tayarka, akwai lamba irin 32-630 ko 25-622. Lambar ƙarshen ita ce faɗin da'irar wili daga baki zuwa baki, a milimita. 630 ita ce 27 x 1¼, 622 ita ce 700C, 635 kuma ita ce 28 x 1½ ta baƙin keken nan irin Phoenix da tsohon Raleigh na iyayenmu. Kusa suke da juna a ido amma babu wadda ke hawa wilin wata, mai shago zai iya rantse maka duk ɗaya ne, kai dai lambar zaka nuna masa. Sai tiredi, wato zaren ƙarfe da ake murɗa noti ko kofin boris a kansa. Kekunan Japan da yawancin na duniya tiredin Ingila suke da shi a gidan boris na tsakiya, inci 1.37 da zare 24 a kowane inci, kuma kofin dama hagu ake ɗaure shi. Tsofaffin na Faransa milimita 35 ne, kuma duka kofunan biyu dama ake ɗaure su, sai wajen tsakiyar shekarun 1980 suka koma irin na kowa. Na Italiya milimita 36. Raleigh kuwa, masu araha da aka yi a Nottingham, nasu tiredin daban ne, zare 26 a inci, duk da kamfanin Ingila ne. Wannan 'yar maganar ita ce ke raba gyara mai araha da gyara mai cin rai.

Na huɗu haɗari, na jikinka da kuma na keken, wato ɓarnar da in an yi ba a gyara ta.

Hanya ta ɗaya: wanki, giris, da canza abin da ya mutu

Anan ba ka canza fasalin komai. Zaka kwance wili biyu da tsakiya da wuya, ka jiƙa komai a kananzir, ka goge, ka duba kofuna da kwan aksul ko sun yi rami. Tsohon giris na shekara arba'in zaka same shi ya daskare ya koma ruwan ƙasa, wani lokaci sai da tsinke ake tono shi, kuma shimfiɗa tsumma a ƙasa kafin ka buɗe don boris ɗin zubowa suke yi su shige yashi. Yawanci tsakiya na cin boris 11 a kowane gefe masu kwatan inci, wilin baya 9 masu kwatan inci, na gaba 10 masu 3/16, wuya kuma 5/32. Abin daɗin shi ne masu kwatan inci da 3/16 su ne dai na baƙin keke, duk mai gyara na da su a gwangwani.

Abin saye: boris, giris, wayoyin birki da na giya da rigunansu, robar birki huɗu, sarƙa, taya biyu da tib biyu, robar cikin wili, da abin naɗe kai. Shi ke nan. Cikin huɗun nan babu mai arahar wannan. Sarƙar da ake sa wa kekunan gwanjo masu giya 6 ko 7 ko 8 tana hawa, kuma tunda sandunan canza giyar nan ba masu ƙas-ƙas ba ne, da hannu kake lalubo giyar, kusan kowane irin abin canza giya na baya zai yi aiki da su. In kana so ka san ko sarƙa ta mutu, ɗora ruler daga tsakiyar ƙusa ɗaya, sabuwa inci 12 cif take faɗawa kan wata ƙusar. In ta wuce da 1/16 canza ta, in ta kai 1/8 to haƙoran baya ma sun tafi, sabuwar sarƙa zata riƙa tsalle a kansu.

Ƙarko ya danganta da abin da ka tarar. In kayan giyar na SunTour ne ko Shimano 600 ka yi sa'a, waɗannan in an wanke su zasu ƙara shekaru masu yawa. SunTour su suka fito da ƙirar abin canza giya mai karkata a 1964, kuma har haƙƙin mallakarsu ya ƙare a 1984 nasu ya fi na kowa canza giya da santsi, ko mai arahar cikinsu. In kuma Simplex ne mai baƙar roba, wanda ke kan Peugeot da yawa, duba shi da kyau, robar tsagewa take yi da tsufa, musamman na gaba inda ya riƙe bututu. Ƙurar hunturu kuma tana son mai, don haka kar ka yi wa sarƙa wanka da baƙin man inji, ɗiga kaɗan ka goge da tsumma har sai waje ya bushe.

Haɗarin hanyar nan guda uku ne kuma ina so ka ɗauke su da gaske. Wilin ƙarfe mai ƙyalli in ya jiƙe birki kusan baya kamawa, sai ka matse ka ji keke na tafiya abinsa. Ɗora maganaɗisu a jikin wilin, in ya kama to ƙarfe ne. Na biyu, tsofaffin wilin nan da yawa ba su da ƙugiyar riƙe bakin taya a ciki, in mai faci ya sa injin iska ya ɗura ta wuce fam 70 tayar na iya tashi daga wilin tib ya fashe. Na uku, in sandar kai an rubuta AVA a jikinta, an san irinta da tsagewa, canza ta kar ka yi jayayya. Sai kuma maganar taya 630, in babu ita a kasuwarku to tsugune bata ƙare ba, duk ranar da tayar ta yage keke ya zauna.

Wani abu kan kotafin, wato ƙusar da ke riƙe hannun feda a jikin aksul, ga masu hannun feda irin na da. Na Faransa milimita 9 ne, na Ingila 9.5, kuma sai an ɗan goge fuskarsa da fayil ya zauna. In za a buga shi a tokare hannun fedar da guntun bututu daga ƙasa, kar dukan ya sauka kan boris.

Hanya ta biyu: giya ɗaya

Kano, Katsina, Maiduguri, Maraɗi, duk shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, mutum zai yi shekara bai nemi giya goma ba. Tsofaffin firam ɗin nan kuma bakin aksul ɗinsu na baya dogo ne a kwance, zaka iya jan wili baya ka ɗaure sarƙa ba tare da wani ƙarin abu ba. Sai a cire abin canza giya gaba da baya, da wayoyi, da faranti ɗaya na gaba.

Ana yinsa iri biyu. Na gaggawa shi ne a bar haƙoran baya yadda suke a yanke sarƙa a ɗora ta kan na tsakiya. Ban ba ka shawarar wannan ba, domin in ka faɗa rami sarƙar na iya hawa haƙori na gaba da ya fi girma, ta ɗaure tamau, ta lanƙwasa aksul ko ta ja wilin ya goga firam kana cikin tafiya. Na gaskiya shi ne a kwance haƙoran gaba ɗaya a ɗaura firiwil guda, wato farantin haƙora na wilin baya, mai haƙora 16 ko 18, irin na baƙin keke, tiredinsu ɗaya in wilin na Ingila ne ko Japan, sannan a matsar da wasoshin aksul har sarƙa ta miƙe sak da farantin gaba, a sake jan sifok wili ya dawo tsakiya. Wannan aikin mai ɗaurin wili ne, kuma muna da gwanaye a kusan kowace kasuwa. In hob ɗin, wato cibiyar wilin, tsohon na Faransa ne tiredinsa daban, in kuma Maillard Helicomatic ne ba zai karɓi firiwil ba sam, sai dai wani wilin.

Wajen zaɓen haƙora, yi amfani da ƙaramin farantin gaba mai 42 ko 40. 42 da 16 na ba ka kusan mita 5.5 a kowane zagayen feda, 42 da 18 kusan mita 4.9, wannan ya fi daɗi in kana ɗaukar kaya ko kana yawan tsayawa a cunkoso. Samari na son barin babban faranti mai 52 saboda ya fi kyau a ido, amma 52 da 18 ya haura mita 6, tashi daga tsaye wahala ne kuma gwiwa ce ke biya.

Kuɗinsa kusan ɗaya da hanya ta farko, ka rage wayoyin giya ka ƙara firiwil da ladan mai ɗauri. A ƙarko kuwa babu kamarsa, ba abin da zai lanƙwashe in keke ya faɗi a wajen ajiya, yashi bashi da wurin maƙalewa, kuma sarƙar baƙin keke mai kauri tana hawa, wadda ko a ƙauye zaka samu. Haɗarinsa kaɗan ne in ka bar birki biyu. Masu ɗaure haƙori ya zama feda bata tsayawa su cire birki, wannan a filin tsere aka san shi, a titin da Adaidaita ke tsayawa ba sigina ganganci ne. Kuma don Allah kar a yanke kunnen da abin canza giya ke ɗaurewa, zuba kayan da ka cire a leda ka ajiye, wata rana zaka so su ko mai saye ya tambaya. In Jos kake ko unguwannin Abuja masu hawa da gangara, wannan hanyar ba taka ba ce.

Hanya ta uku: wili da kayan zamani

Zuciyar wannan ita ce wilin alminiyam mai 622. Da shi kake kashe matsala biyu lokaci guda, birki na kamawa ko da ruwa, taya kuma ta fi samuwa tunda kekunan tsere na yanzu da yawancin kekunan gari na Turai ita suke amfani da ita. In kekenka 630 ne, bambancin milimita 8 ne, wato robar birki zata sauka da milimita 4 kawai, kuma birkin Mafac da Weinmann da Dia-Compe masu jan tsakiya galibi suna da wannan ratar. Duba ramin da robar ke zamewa a ciki kafin ka sayi komai. Ribar da mutane ba su lura da ita ba ita ce wilin ya ɗan ƙanƙance, sai wuri ya samu na taya mai faɗin milimita 32, wani firam ɗin har 35. A hanyoyinmu taya 23 azaba ce, yashi kaɗan ta nutse, rami kaɗan ta cije tib. Nemi mafi faɗin da zai shiga, ka bar rata ko ta milimita 4 kowane gefe.

Wilin baya ne ke da ɗan lissafi. Tsakanin ƙafafun firam na baya milimita 120 ne a masu giya 5, 126 a masu 6 da 7, wilin zamani kuma 130. Daga 126 zuwa 130 da hannu ma zaka buɗe ya shiga. Daga 120 sai an buɗe ƙarfen a hankali da dogon ƙusa mai tiredi da noti biyu, ana yi ana aunawa da zaren nan, kuma firam na ƙarfe kaɗai ake yi wa haka, banda alminiyam. Hob na zamani wanda haƙora ke zurawa a jikinsa ya fi jure rami, domin boris ɗinsa na dama na can bakin aksul, shi kuwa tsohon mai firiwil aksul ɗin na lanƙwashewa ko ya karye in nauyi ya yi yawa.

Sauran kayan kuma ya danganta da ƙasar keken. Na Japan komai shiga yake yi, ka sayi gidan boris na tsakiya rufaffe mai faɗin 68 ka ɗaura ka manta da ƙura. Na Faransa sai haƙuri. Kofin Ingila zai shiga zagaye biyu ko uku a gefen hagu sannan ya cije, mai gyara in bai sani ba sai ya sa dogon bututu a sifana ya danna, tiredin firam ya tafi kenan. Haka kofin dama, in ya juya shi yadda ya saba kwance na Ingila, ƙara ɗaurewa yake yi. Feda ma nasu milimita 14 ne, in ka ga D da G a jikin feda maimakon R da L ka yi hattara, amma wannan mai sauƙi ne, ana sake yanka tiredin hannun feda ya koma 9/16 na kowa. Sandar kai tasu 22.0 ce, ta kowa 22.2, sai a goge sabuwar da samfefa kaɗan kaɗan har ta shiga. Shawarata ga mai Peugeot ko Gitane ko Raleigh mai zare 26, riƙe kofunanka na asali kamar yadda suke, canza boris kawai, ka kashe kuɗinka a wili.

Masu son miƙaƙƙen kai saboda baya ko wuya, ana yi, amma hannun birkin ya zama na birki mai gajeren ja, hannun birkin V na kekunan dutse baya matse irin wannan birkin da ƙarfi. Giya mai ƙas-ƙas irin wadda Shimano ta fito da ita a 1984 kuma sai hannu da haƙora da abin canzawa duk sun dace da juna, ni dai ina ganin barin sandunan asali ya fi, ba ruwansu da wannan.

Kuɗi anan ya fi na biyun farko nesa, wili biyu kaɗai na iya kamo kuɗin da ka sayi keken. Dabarar ita ce ka nemi mataccen keken gwanjo mai karyayyen firam amma wilinsa lafiya, ka saye shi ɗungurungum ka kwashe kayan, ya fi sayen ɗaya ɗaya araha. Haɗarin babba shi ne kuɗi na zurarewa, ka canza wannan sai ya nemi wancan. In aljihu bai kai ba fara da wilin gaba kaɗai, tunda birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayawa.

Hanya ta huɗu: dawo da shi asali

Sabon fenti irin na kamfani, tambura, ƙyalli, da kayan shekarar da aka yi shi. A Turai wannan harka ce babba, a Italiya akwai taron hawan tsofaffin kekuna mai suna L'Eroica da ake yi a garin Gaiole tun 1997, inda sai keken 1987 ko kafin nan, ko mai ƙira irin tasu, ake shiga da shi, don haka can akwai masu saye da tsada. Anan kam wanda zai biya ka kuɗin wahalarka da wuya ka same shi, kayan kuma daga waje zaka yi odarsu da dala. Don so ake yinsa, kuma keke ƙalilan ne suka cancanta, irin Peugeot PX-10 mai Reynolds 531, daga gidan da Bernard Thévenet ya ci gasar Tour de France a 1975 da 1977, ko Raleigh mai launin ƙungiyar TI-Raleigh ja da baƙi da rawaya, wadda Joop Zoetemelk ya ci gasar da ita a 1980, ko na Italiya mai Columbus da kayan Campagnolo.

In ma irinsu ka samu, fentin asali ko da ƙwarzane ya fi sabo daraja. Wanke shi, goge tsatsar wurare masu ƙyalli da takardar alminiyam da ruwa, shafa man goge mota, zaka sha mamakin abin da zai fito. In dole sai fenti, kai wa mai fentin mota ya sa share fage kafin launi, a toshe duk ramukan tiredi, kar a ƙona tsohon fenti da wuta, kuma ɗauki hoton tambura da lambar firam tukuna. Fentin gwangwani na fesawa baya daɗewa, jingina kaɗan ya ɓare. Ta ɓangaren ƙarko wannan hanyar bata ƙara komai a kan ta farko, wani lokaci ma ragewa take yi, domin asalin irin waɗannan kekunan taya mai ɗinki ce da ake manna ta da gam a wili, tsidau ɗaya ya gama da ita kuma mai facin unguwa ba zai iya ta ba. Ga kuma ɓarayi, keke mai sheƙi ba a barinsa ƙofar masallaci da ƙaramin kwaɗo.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko a hanyoyinmu | Sauƙin kaya da gyara | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Wanki da giris | Kaɗan | Daidai gwargwado, ya danganta da kayan da ka tarar | Mai sauƙi, sai dai taya 630 | Birki a wilin ƙarfe in ya jiƙe |
| Giya ɗaya | Kaɗan | Mafi ƙarko | Mafi sauƙi bayan an gama | Sarƙa in bata miƙe ba, da giya mai nauyi |
| Kayan zamani | Matsakaici zuwa mai yawa | Mai kyau sosai | Sauƙi a na Japan, wuya a na Faransa | Cinye tiredi, da zurarewar kuɗi |
| Asali | Mafi tsada | Bai fi na farko ba | Mai wuya, kaya daga waje | Asarar kuɗi, da sata |

To wa ya kamata ya ɗauki wanne? Ɗalibi ko ma'aikacin da ke son abin hawa gobe da safe, kuma ya tarar da wilin alminiyam mai 622 a kekensa, ya yi hanya ta ɗaya ya tsaya nan, bashi da buƙatar komai bayan wannan. Wanda kayan giyarsa suka mutu ko Simplex ɗinsa ya tsage, garinsu shimfiɗaɗɗe ne, kuma baya son zaryar wajen mai gyara, giya ɗaya ce tasa, 42 da 18 in yana ɗaura kaya a kariya. Mai tafiya mai nisa kullum, ko mai fita motsa jiki da 'yan ƙungiya ranar Asabar, ko wanda ke hawa har cikin damina, in firam ɗinsa mai kyau ne musamman na Japan, ya yi ta uku ba zai yi nadama ba. Mai wilin ƙarfe 630 da ƙaramin aljihu ya haɗa ta ɗaya da rabin ta uku, wato giris da wayoyi da robar birki yanzu, wilin gaba na alminiyam da zarar kuɗi sun samu, na baya daga baya. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai da kekunan Faransa suka fi faɗo musu, su nemi mataccen keke irin nasu su ajiye don kofuna da feda da sandar kai. Ta huɗu kuwa sai wanda ya ga tambarin 531 ko Columbus da idonsa, yana da wani keken na zirga-zirga, yana da ɗakin da zai kulle wannan, kuma kuɗin da zai kashe ba na cefane ba ne.